Salatif ɗin Yaya Yakaka

Ingila, 3 ga Maris, 1989

Yaya Yakaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya Hajja da ciwon gwiwa? Ya yara?

Yaya, ina cikin tsaka mai wuya. Aikina a kan wani baƙin sinadari ne, wanda in an sanyaya shi ƙwarai wutar lantarki ke bi ta cikinsa ba abin da ke tare ta. Muna shimfiɗa shi a kan ɗan dutse kamar farce, ɓawon albasa ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, mu gasa. Nawa shi ne in fitar masa da hanyoyin da wutar za ta bi, goma a faɗin gashi ɗaya. Nakan rufe inda nake so, in tsoma a ruwan asid ya cinye sauran. Shi kuwa abin nan ba ya ga maciji da ruwa. Sau arba'in ina yi yana lalacewa. Malamina ya ce in bai yiwu ba kafin Yuni, in tattara in koma gida ba digiri. Don Allah kar Hajja ta ji.

Ƙaninki,
Fannami

Haɗejiya, 25 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwa, Hajja garau take, har ta je biki Baturiya. Ta gama shelanta wa unguwa cewa Dokta zai dawo da damina, ta sa an yi wa ɗakinka sabon daɓe. Saboda haka maganar dawowa hannu rabbana ma ba ta taso ba.

Ikon Allah! Ɗan fadama, wanda ya iya iyo tun kafin ya iya ɗaura wando, shi ruwa ya gagara? Shekara nawa ina yi wa amare lalle, ban taɓa dambara shi ƙafa duka sannan in zo ina wankewa ba. Salatif nake yankawa da reza, in manna zanen tukuna, in shafa lalle a kai, in ɗaye. Inda na rufe fes, inda na bari ja. Turawanku ba su da amare ne?

Yayarka,
Yakaka

Ingila, 20 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Da farko dariya na yi, sai kuma na ga gaskiyarki. Muna da wani ƙaro mai aikin salatif, da haske ake zana shi. Na zana, na shimfiɗa sinadarin a kai, na sa a tanda. Wallahi ƙurmus! Ƙaron ya ƙone, ya ɓata komai, har abokan aikina suka buɗe tagogi. Saura mako shida, ko abinci ba na iya ci.

Fannami

Haɗejiya, 9 ga Mayu

Auta,

Sannu da ɓarna. Wa ya aike ka wuta da salatif a jiki? Lokacin sanyi, in amarya za ta kanga ƙafa a kasko don lalle ya kama, sai na ɗaye salatif tukuna, in ba haka ba ya narke ya liƙe mata. Shafa da sanyi, ɗaye, sannan wuta. Karatu dai ya yi maka yawa, ɗan nan.

Hajja ta tsare ni da tambaya, wai me ya sa wasiƙunka suka yi yawa. Na ce mata kewa ce. Ka ci abinci, ka ji? Ina maka addu'a kullum, don ni ma hankalina a tashe yake.

Yakaka

Ingila, 6 ga Yuni

Yaya,

Alhamdu lillahi, ya yi! Na shimfiɗa da sanyi, na ɗaye, na gasa. Da muka sanyaya, allurar awo ta faɗi ƙasa ɗif, alamar ba abin da ke tare wutar. Malamina ya ce wasu ma haka suke yi a Amurka. Na ce ni dai daga Haɗejiya na samo.

Ga hoton ɗan dutsen, madubin ƙara girma ne ya ɗauka. Layukan tsakiya na digiri ne. Zanen lallen da na fitar a gefe kuwa, ki kai wa Hajja ta duba da kyau. Shi kika yi mata a ƙafa ranar da ta raka ni tasha.

Ku share ɗakin.

Autanku,
Fannami