Babur Ɗin da Aka Ce Ya Sha Giya

Laraba, bayan Isha'i, Na'ibawa

Yau Yaya Sabo ya ƙi hawa babur ɗina. Da aka tashi aiki, a bakin get ɗin kamfaninmu na Challawa, ya ce shi ba zai hau abin da aka ɗura wa giya ba. Har masu gadi sai da suka yi dariya.

Laifina kawai na gaya masa gaskiya. Duk sanda na goyo shi muka hau gada, injin sai ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Shi ne na fara haɗa fetur da ɗan itanol, sinadarin nan da ke sa maye a cikin giya, don yana ɗaga okten, wato ya hana man kamawa da wuta kafin lokaci. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Mai ya fi saurin ƙarewa, ban musa ba.

Na ce, "Yaya, a tanki fa na zuba, ba a kofi ba." Ko kallona bai yi ba, ya tare Keke.

Nauyin wa ke sa injin kuka tun farko?

Ba zan juye tankin nan ba. Gobe zan tsaya a ƙofar gidansa kamar kullum, in yi hon. In ya fito, bismilla. In bai fito ba, babur ma ya huta.