Hatimin Da Na Buga A Takardar Bilki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, na ɗauki alƙalami ne in faɗa miki abin da na ɓoye miki game da autarki Bilki tun kina raye har kika koma ga Allah.

Kin tuna shekarar da ganinta ya fara dushewa, tana 'yar tara, doguwa siririya, yatsu zara-zara? Likita ya yi zargin wani sinadari, homosistin, ya taru a jininta. A lokacin ni sabon ma'aikaci ne a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a birni. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, ana ta sayen injuna.

Hanyoyin aunawa biyu muke da su. Tsohuwar, a ɗiga jini a takarda a jira launi ya fito. Sabuwar kuwa inji ne daga Turai. Shugabanmu ya ce zai gwada su ya ga wadda ta fi, jinin ƙanwata ya zama abin gwajinsa. Sau huɗu ina ɗauko ta daga Daura a mota. A na huɗun kika ce, "Sani, jinin yarinyar nan ba ruwan Kusugu ba ne da za ku yi ta ɗiba."

Takarda ta ce akwai ciwon. Inji ya ce babu.

Inna, na san dalili. Gwajin takarda nan take na yi shi. Jinin da za a sa wa inji kuwa yini ya yi a kan tebur cikin zafi, don shugaba ya kulle ɗakin ya tafi karɓo sabuwar motarsa. Sinadarin nan ɓuya yake idan jini ya jima ba a tace ba. Na gaya masa. Ya shafa injin da hankici ya ce kayan Turai ba sa ƙarya. Aka bi sakamakon inji, aka rubuta lafiyarta ƙalau. Ni na buga hatimi, ni na kawo miki, kika yi hamdala.

Damina na faɗuwa jini ya toshe mata a ka, ɓarin jikinta ya shanye. Daga baya wani likita ya ce sinadarin nan ne ya jawo, kuma ƙwayar bitamin ta kemis, da an fara ba ta da wuri, wataƙila da ta tare.

Har yau ina ƙyamar hankicin nan. Amma hannuna na fi ƙyama.

Bilki tana ɗakinki, Innata. Da hannu ɗaya take dama mini fura, ba ta yarda wani ya dama. Gobe bayan La'asar zan zauna in gaya mata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, ni kuma Ya ba ni ƙarfin kallon idonta.

Ɗanki,
Sani