Abin da Uwar Cikin Fim Ta Ce

Kampala

Yaya Bukenya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ba direban mota wannan takarda ne domin a waya kuka ba ya bari in yi magana.

Tun da 'yata Nanyonjo ta gudo wajenka ban san barci ba. Na dafa matoke ya lalace a tukunya, babu mai ci. Eh, na zane ta. Ta ce darasin yamma take zuwa, ashe gidan ƙawa take tafiya kallo. Malamansu sun ce a zauna da yaro a tattauna. A tattauna! Mu wa ya tattauna da mu?

Yaya, ita kaɗai gare ni, kuma dangin ubanta sun fara cewa su za su riƙe ta. Don Allah ka nemo fim ɗin Indiyan nan da Baba yake kai mu rumfar bidiyo mu kalla duk Kirsimeti, na yaron da ya bar saniyarsu ta cinye gonar maƙwabta. Ka nuna mata wurin da uwar ta doke shi, sannan ta rungume shi tana cewa, "Kowace bulala soyayya ce." Ni ta ƙi jin muryata, wataƙila ta ji daga can.

Ƙanwarka,
Nabukenya

Masaka

Ƙanwata,

Mun gode da gaisuwa. Yarinya tana cin abinci, shatin bayanta ma ya fara kwanciya. Ban faɗa don in ɓata miki rai ba.

Na samo fim ɗin. Sai dai na yanzu babu muryar tsoho Mukiibi, mai fassarar nan da yake surutu a kan 'yan wasa har ba a jin su. Rubutun Turanci ne a ƙasa. Idona ya yi rauni, don haka ita ta riƙa karanta mini.

Da aka zo wurin, na gyara zama na ce, "To, saurara da kyau." Sai ta karanta: "Ɗana, ka yafe mini. Na ji tsoro ne, na huce a kanka."

Na ce ƙarya take yi. Ta mayar da shi baya. Na kira malamin da ke haya a gidanmu, shi ma abin da ya karanto ke nan. Nabukenya, Mukiibi bai san Indiyanci ba ko kalma ɗaya. Hoto yake kallo ya faɗi abin da iyayenmu za su tafa wa. Kin tuna yadda Baba yake maimaita maganar kafin ya ɗauko sanda?

Nanyonjo ta dube ni ta ce, "Kawu, ashe uwa tana iya faɗar haka?" Na tashi na tafi duba kaji.

Yayanki,
Bukenya

Kampala

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka.

Da farko haushinka na ji, sannan na Mukiibi, sannan na Baba, Allah ya jiƙansa. Yanzu tsoro kawai ya rage. Na tsaya a ɗakin Nanyonjo na gwada faɗar maganar uwar cikin fim ga gadonta, wallahi ban iya ba. A gidanmu babba bai taɓa ba yaro haƙuri ba, ban san da wace fuska ake yi ba.

Amma zan yi, ko da durƙusawa ne. Ka tambayar mini ita ko in zo. In ta ce a'a, kada ka ɓoye mini.

Taka,
Nabukenya

Masaka

Ƙanwata,

Ta ce ki zo ranar Asabar. Abu ɗaya ta roƙa: in zauna a tsakaninku.

Allah ya kawo ki lafiya.

Bukenya