Tagar da Injiniya Ya Kafa

Litinin, 3 ga Nuwamba

Yau 'yan sa-kai masu gyaran gidaje suka iso. Wasu ke ba da kaya, su kuma su ba da ƙarfinsu, a gyara wa marasa hali. Likita ce ta kai sunanmu saboda ƙirjin Uwata. Jikata ce, sunan mahaifiyata ta ci, ba ta kai takwas ba amma asmarta ta manya ce. Likitar ta ce sanyin gidan nan da danshinsa ke tayar mata.

Shugabarsu mace ce mai hular kwano, ba ta ma kai 'yata shekaru ba. Akwai kafinta, Dogo suke ce masa, sai ya sunkuya yake shiga ƙofata. Za su cusa wani abu mai kama da auduga a silin, su canja tagogi, su toshe duk inda iska ke shigowa, su ɗora farantan sola. Ranar Asabar za su gama su wuce gida na gaba.

Na yi godiya. Ban ce komai ba game da tagar ɗakin baya.

Talata, 4 ga Nuwamba

Wani aiki na gani yau. Suka rufe ƙofofi ruf, shugabar ta kunna wani tsinke mai hayaƙi tana bin bango da shi a hankali. Inda hayaƙin ya karkata, nan iska ke shiga, sai Dogo ya sa alamar alli. Falon da nake ɗinki ya sha alli kamar allon makaranta.

Da muka shiga ɗakin baya, inda muke kwana ni da Uwata, hayaƙin ya miƙe tsaye har aka zo tagar. Nan ya kwanta, ya nufo ni, kamar wani ya hura shi daga waje.

Maigidana ne ya kafa tagar nan da hannunsa. Direba ne, amma ba abin da ba ya ce ya iya, shi ya sa nake ce masa Injiniya. Tagar ta fito a karkace. In na yi magana sai ya ce idona ne ya karkace. Ta ƙarƙashinta yake wucewa in ya taso aiki, yana fito, ni kuwa in ɗora ruwa. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Bayan 'yan watanni tagar ta fara fito, da yamma, in iska ta taso. Na san iska ce, ni ba yarinya ba ce. Amma nakan ce sannu da zuwa.

Na ce musu su gyara ko'ina, ban da nan.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Dogo ya ce barin tagar nan ɗiban ruwa da kwando ne. Shugabar ta harare shi, ta ce ba sa taɓa abin da mai gida bai yarda ba, amma in yi tunani, don ba za su dawo ba sai an zagaya kowa.

Da yamma Injiniya ya yi fito sau biyu ta tagar. Na amsa a hankali, kada su ji.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

'Yata ta kira daga inda take aiki. Uwata ce ta kai mata gulma, bakin nan nata kamar reza. Ta fara da lallashi, wai a mayar da yarinyar falo. Na ce ƙurar yadi ta fi sanyi cutarwa, ta sani. Sai ta ce, "Mama, Baba ya tafi. Ita kuwa tana nan tana numfashi da ƙyar."

Na kashe wayar. Haihuwa ke nan, ka goyi mutum ya girma ya faɗa maka gaskiya ba gishiri. Na ji haushi, kuma har yanzu ina ji.

Sun ja kabad don su fente bango. Daga ƙasan tagar har ƙasa baƙi ƙirin, fumfuna ce. A daidai nan kan yarinyar yake in ta kwanta. Ba wanda ya kalle ni, da ma sun kalle ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Da safe ciwon ya tashi. Ina haɗa mata shayi na ji ta yi shiru, ita da ba ta shiru. Na same ta zaune a bakin gado, kafaɗu na ɗagawa, leɓe ya canja. Abin shaƙarta ya ƙi aiki. Ƙirjinta na fito, tagar ma ta ɗauka, ita da ba ta yi da safe. Na rasa wanne ne wanne.

Ban ce sannu da zuwa ba. Allah ya gafarta mini, cewa na yi ka yi mana shiru.

Shugabar ce ta kai mu asibiti a motar kayansu, Uwata a cinyata, buhunan audugar nan a bayanmu. An sa mata iska, ta dawo daidai kafin azahar. A hanyar dawowa na ce mata a gaya wa Dogo ya cire tagar. Tuƙi kawai ta ci gaba da yi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na so in tafi gidan maƙwabciya, ƙafa ta ƙi. Na tsaya a bakin ƙofa.

Dogo ya zare ƙusoshi, duk a lanƙwashe, yana dariya ƙasa-ƙasa. Da ya ɗaga katakon sai ya daina. Ya ce, "Mama, zo ki gani."

Tsummoki ne. Duk ratar da ke tsakanin katako da bango cike take da ƙyallayen ɗinkina, an tura su da wuƙa, layi kan layi. Na gane atamfar sunan 'yata. Na gane shuɗin yadin da na yi kwana uku ina nema har na zargi mai kawo ɗinki. Na can ciki sun tsufa, na baki-baki kuwa na shekarar da Injiniya ya kwanta ciwo ne. Yawanci sun ruɓe, sun zube, iska ta samu hanya.

Ashe ya san a karkace take. Duk shekara yana satar mini ƙyalle yana toshewa, don kada in ji sanyi, don kuma kada in ci gardama. Da babu mai toshewa ne ta fara fito.

Na zauna a ƙasa na yi dariya har ta koma kuka. Injiniya, amma ka iya munafunci.

Sabuwar tagar gilashi biyu gare ta. Shugabar ta sake kunna tsinken, ta miƙo mini ta ce ni zan riƙe. Hayaƙin ya tafi sama abinsa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Shiru. Gidan kamar na aro. Na zauna a ɗakin baya har magariba, ba komai.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ɗakin da ɗumi, ban musa ba. Amma ba na son ɗumin nan.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Aiki ya yi yawa, kayan makaranta na gida uku. Uwata ba ta taɓa abin shaƙa ba tun makon jiya, ban dai faɗa wa uwarta ba, kada ta ce ta faɗa. Zare ya ƙare mini na aike ta shago, ta tafi da gudu ta dawo da gudu, ta tsaya a kaina tana ba ni labarin karen mai shago, ko tari babu. Na ce ta rufa mini baki ina awo. Ba ta rufe ba.

Maƙwabciya ta leƙo neman zanenta, wai iskar yamma ta kwashe mata shanya kaf. Na ce wace iska?