Odar Yaya ta Ranar Litinin

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya tara mu a ɗakin oda, ya jingina da firjin nan da ya daɗe da mutuwa, ya ce an ba wani kamfani kwangilar haɗa kwamfutarmu da ta masu kantuna. Daga wata mai zuwa mai kanti zai danna abin da yake so daga inda yake, odar ta bi ta hannun wancan kamfanin ta faɗo sitonmu kai tsaye, takardar kaya da rasit su koma masa ta nan. Ba kiran waya, ba mai bugawa da hannu. Wai ba za a kori kowa ba, mu kwantar da hankalinmu. Rediyo, abokiyar teburina, har da tafi. Ita ko gobara manaja ya sanar sai ta tafa.

Ni ba kora nake tsoro ba.

Yaya ya kira kamar kullum. Sabulun wanki katan shida, na wanka uku, man goge baki biyu. Na maimaita masa, ya ce haka ne, ya kashe.

Alhamis, 6 ga Maris

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta kai tsegumi.

Dokar ɗakinmu ce: duk odar da aka karɓa ta waya sai an karanta wa mai ita layi bayan layi, ya ce haka ne, kafin a tura sito. Yaya yana da ɗan kantinsa kusa da tashar mota, kuma a wajenmu yake sayen kaya. Tun rasuwar Inna wannan karatun ne kaɗai maganar da ke shiga tsakanina da shi. Ranar da ta cika ina nan kan wannan kujerar, don likita da bakinsa ya ce ta samu sauƙi. Yaya ya dube ni a gaban 'yan gaisuwa ya ce aikina ya fi mini uwata. Bai janye ba, ni kuma ban manta ba. Gidansa ban sake takawa ba, shi ma bai san launin ƙofata ba.

Amma layukan waya uku ne a ɗakin nan, kuma nawa yake kira. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. A duniya nan ne kawai nake faɗin magana Yaya ya ce min haka ne.

Litinin, 10 ga Maris

Matar da 'yan kwangilar suka turo ta fara zama da mu. Rediyo ta raɗa mata Babu-Matsala, don ko atishawa ka yi abin da za ta ce ke nan. Ni aka ce in nuna mata lambobin kayanmu da na kantuna, ta daidaita su da nasu. Na shirya in tsane ta, sai ga ta da ladabi, tana ce min Anti, tana matso min da kujera. Abin ya ƙara ba ni haushi. Mutum ya zo raba ka da abinka, ai sai ya yi rashin kunya ka samu abin riƙewa.

Juma'a, 14 ga Maris

Ƙananan kantuna da ba su da kwamfuta za a sa musu manhaja a waya. Da na ji haka sai da na ji sanyi a raina. Yaya da manhaja! Mutumin da ko ƙarar wayarsa bai iya ragewa ba, sai dai ya danne ta da filo.

Na faɗa wa maigida muna shan shayi, ina dariya. Ya ce, "In muryarsa kike so, ai motar haya ɗaya ce tsakaninku." Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce. Wa ya ce masa murya nake so?

Litinin, 17 ga Maris

Yaya yana tari. Irin busasshen nan da yake yi tun muna yara in ya kwana ƙarƙashin fanka. Ina jin fankar ma tana ƙugi a bayansa. Saura kaɗan in ce ya kashe ta. Sai na ce, sabulun wanka uku.

Haka ne, in ji shi.

Litinin, 31 ga Maris

Yau ne kiran ƙarshe. Tun safe na kasa karyawa, sai ka ce wadda za a yi wa tiyata.

Ya faɗi kayansa, sannan ya ce, "An ce daga yau shi ke nan ko?" Na ce haka aka ce. Ya ce, "To, kin huta." Kin huta! Wato ni ce mai neman hutu da shi. Har yanzu wuƙarsa na nan da kaifinta, bai bari ta yi tsatsa ba.

Na karanta masa odar a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu, ina ba shi fili ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Na ajiye wayar.

Litinin, 7 ga Afrilu

Odarsa ta shigo da kanta. Tsaf, ba kuskure ko ɗaya, kuma a cikin ƙananan kantuna shi ne na farko. Babu-Matsala ta juyo min da allon tana murna, ta ce, "Anti, wannan bawan Allah ya fi kowa saurin ɗauka, matarsa ta nuna masa sau ɗaya ya gane." Ba ta san yayana ba ne. Ban faɗa mata ba.

Ashe ya iya. Ashe da ma jira yake a ba shi hanyar da ba sai ya bi ta kaina ba.

Talata, 15 ga Afrilu

An mai da ni teburin gyara. Duk saƙon da ya maƙale tsakanin kanti da mu yana fitowa da ja, ni kuma in kira mai kantin mu warware. Wanda ya wuce lafiya kore ne, ba ruwana da shi. An naɗe wayoyi biyu an kai sito, saura tawa.

Gaskiya ɗaya, ko da ɗaci: abin yana aiki. Motoci na fita da wuri, 'yan sito sun daina zagin rubutunmu, ba mai dawo da katan yana cewa ba shi ya nema ba. Na so ya lalace, Allah ya sani na so. Ya ƙi.

Ɗakin ya yi tsit. Ko Rediyo ta rasa abin watsawa.

Litinin, 21 ga Afrilu

Kore. Na zauna ina kallon lambar kantinsa kamar zan huda allon da ido, ko za ta yi ja. Mutum ko sau ɗaya ba zai yi kuskuren dannawa ba? Ban san ko tarin ya tafi ba. Na'ura ba ta kawo tari.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ba komai. Maigida ya ce na rame, na ce idonsa ne.

Litinin, 5 ga Mayu

Kore yau ma. An soke dokar maimaitawa tun watan jiya, na sani, ni na cire takardar dokar daga bango.

Na dai ɗauki wayar. Da ya ɗaga na ce, "Daga kamfani ne, zan maimaita odarka." Rasit ɗinsa ya riga ya shiga wayarsa tun da safe, ya sani, ya kuma san na sani. Ina jin fankar nan tasa, da wani yana neman canji. Can ya ce, "Ina jin ki."

Na karanta. Haka ne. Haka ne. Tarin ya ragu, amma bai tafi duka ba. Da na kai ƙarshe na yi shirin ajiyewa, sai ya ce, "Auta, na wankan nan nawa kika ce? Ban ji ba." Ƙarya yake, kunnensa ya fi nawa. Rabona da jin sunan nan a bakinsa tun Inna tana da rai. Na ce uku. Na ce kuma ya rage fankar nan, ƙararta na hana mutane aiki.

Kar takardar nan ta ɗauka na yafe. Ban yafe ba, shi ma bai roƙa ba.

Rediyo ta tambaye ni wa nake kira alhali ba ja a allo. Na ce wani kanti ne mai matsala, irin wadda ba ta nunawa a kwamfuta. Ta ce an gyara? Na ce da saura, sai na sake kiransa Litinin.