Sunan Baba a Bakin Inna

Unguwar Biafra, Treichville, Abijan.

Zuwa ga Yaya Shamsuddin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan jiki lafiya, amma gidan ba daɗi, kuma 'yarka Jannatu ta wajena ce sila.

Ita da 'yan ajinsu na jami'a aka ba aikin sake tsara wani ɗaki a gidan tarihi. Sun ce sun gaji da ganin kayan Ebriye, masu garin nan na asali, a cikin gilashi ba sunan mai su, gara mutane su ba da labarinsu da bakinsu. Suka keɓe wani lungu don baƙin da Ebriye suka sauka a unguwar Adjame, irin su marigayi Baba, fataken goro. Sai Jannatu ta zaunar da Inna, ta ajiye waya tana ɗaukar murya. Inna ta yi nisa cikin labarin zuwansu, hawaye ya zo mata, kawai sai ta kira sunan Baba. Sunansa na yanka fa, Yaya! Matar da ko takwaransa ta gani sai dai ta ce mai sunan Malam.

Jannatu haihuwar Abijan, ba ta ga komai a ciki ba. Ta kai wa abokanta muryar, suka ce nan ne ma ya fi taɓa zuciya, da shi za a buɗe ɗakin ranar Asabar, a lasifika, gaban malamai da duk 'yan unguwa da aka gayyata. Tun da Inna ta ji ta shige ɗaki, ko aceke, dambun rogon nan, da kifin da take so ba ta taɓawa. Ta ce in muryar nan ta fita, ita ba za ta ƙara taka tsakar gida ba. Na yi faɗa har muryata ta dishe, yarinyar nan sai ta mayar mini da Faransanci, wai tarihi ne, wai aikin na ajinsu ne, ba ita kaɗai ke da ta cewa ba. Wallahi raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji.

Maganarka kaɗai take ji. Don girman Allah ka kira ta kafin Asabar, ka ce ta cire wurin nan.

Ka gaishe mini da Anti Rahamatu da Nu'uman da su Kamila. Inna ba ta san na rubuto ba.

Amma Yaya, ta cire kawai, kada ta goge. Na saurara a ɓoye. Tun da aka haife ni ban taɓa sanin haka sunan Baba yake da daɗi a bakinta ba.

Taka ƙanwa,
Dije