Sojan Baba Mai Hannu Ɗaya

Hexham,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga yayata Imogen,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawar da ta dace da babbar 'ya a gida, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Hamish da yara. Allah ya raya mana Elspeth da Rory, ya sa nisan da ke tsakanin Dunedin da nan ya tsaya a kan taswira kawai, kada ya shiga zukata. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Mama ta koma rera waƙa a coci. Gwaggo Beryl kuwa gwiwarta ta yi sauƙi har ta soma faɗa da maƙwabta, wanda a wurinta babbar alamar warkewa ce. Ni ma ina nan ina jiran amsar wuraren da na nemi aiki. Har yanzu ba su fahimci cewa digirin tarihi ba kayan ado ba ne, amma za su fahimta.

Maƙasudin wannan takarda shi ne umarnin da kika ba ni game da ɗakin baya. Kin ce in kwashe sojojin robar Baba da wuƙaƙensa da fentinsa, in kira 'yan kulob ɗinsu na wasan yaƙi a kan tebur su raba, a sa masa gado a wurin kafin sanyi ya shigo. Hujjarki mai ƙarfi ce. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bai ƙara taka ɗakin ba, kuma Mama ta taɓa samunsa tsaye a bakin ƙofa yana hawaye. A lokacin na goyi bayanki ba tare da tantama ba. Yau ina sanar da ke a hukumance cewa na janye goyon bayana, kuma ina roƙon ki karanta dalilina har ƙarshe kafin ki ɗauki waya ki wanke ni.

Na fara kwasar kayan kamar yadda kika ce. Ina cikin jera akwatuna sai na ji ƙarar sandar Baba a bayana. Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, da wannan harshen nasa da ya yi nauyi, wai ko dankali ba a zubawa a kwali yadda nake zuba masa dawakai. A cikin tarkacen da ke kan tebur akwai aikin da yake yi a makon da ciwon ya same shi, wato shugaban maharan shanu na iyakarmu da Scotland, irin na zamanin da. Kin san aƙidar Baba, sojan da aka ciro daga kwali ba soja ba ne sai an yanka shi an sāke masa halitta. Dokin daga akwatin wani yaƙi ya fito, gangar jikin daga wani ƙarni dabam, kan da kwalkwalinsa kuma daga wata runduna. Ya kankare ɗamarar harsasai da ba ta dace da zamanin ba, ya ɗinka masa rigar lifidi da danƙo, ya zana layukan ɗinkin da bakin allura. Abu ɗaya ya rage, hannun dama mai riƙe da takobi, wanda ke ajiye a gefe yana jiran a haɗa shi.

Ya ce in riƙe masa mutumin. Na riƙe. Ya ɗauki 'yar wuƙarsa da hagu don ya daidaita kafaɗar, hannun yana rawa, sai wuƙar ta zame ta tsaga kafaɗar, ta bi ta kan hannun sojan da ke ajiye kusa ta raba shi biyu. Na yi maza na jawo gwangwanin da yake tara ragowar hannuwa da kawuna, na ce akwai hannun dama fiye da yadda ake buƙata, a zaɓi wani kawai. Bai ko dube ni ba. Ya ƙura wa kafaɗar ido, sannan ya ce in murza masa danƙo. Kin tuna shi, rabi shuɗi rabi rawaya, sai an cuɗa su da yatsun hannu biyu su koma kore kafin su yi aiki. Wannan ne rabona a cikin sana'ar, shi da riƙewa.

Abin da na gani a kwanakin da suka biyo baya, duk kalmomin da na tara a jami'a ba su ishe ni in siffanta shi ba, kuma kin san ba na yawan faɗin haka. Baba bai mayar wa mutumin da hannu ba. Ya gina masa hannun riga wanda babu komai a ciki, ya naɗe shi daga gwiwa, ya kafe shi a ƙirji da wani ɗan maɓalli da bai kai ƙwayar gero ba. Yana tsoma allura a ruwa don kada ta manne, ya dafa tsintsiyar hannunsa a gefen tebur don rawar ta ragu, ya ja layi ɗaya, ya huta, ya sake ja. Idan ya ɓata sai ya shafe ya soma daga farko, yana zagin allurar da kakanninta. Da danƙon ya bushe na ɗaga shi a hasken taga, wallahi sai na ga yadin ya faɗa ciki daidai inda nama ya kamata ya cika shi, kamar iska za ta iya kaɗa shi. Mutum ne da tsawonsa bai wuce gaɓar babban yatsa ba, amma kina ganinsa kin san ya daɗe da rasa hannun nan, ya kuma saba. Ya tsoma hannun hagun sojan a ruwan zafi ya lanƙwasa shi, ya damƙa masa linzami. Fenti ma shi ya shafa da kansa, ni dai ina juya masa dokin kamar mai gasa tsire.

Jiya Asabar, ranar da 'yan kulob ke haɗuwa duk mako, Baba ya ce in kai shi. A nan ne na ji tsoro na gaske. Muna shiga zauren coci, mutanen nan da suka shafe shekaru suna yi wa juna ihu a kan tebur duk suka koma magana ƙasa-ƙasa. Wannan ya kawo kujera, wancan ya kawo matashi, wani ya yanka masa kek ƙanana-ƙanana kamar na yaro. Kowa sai sannu Fergus, a hankali Fergus. Na ga fuskar Baba tana rufewa. Ya jawo ni ya raɗa mini cewa ashe jana'izarsa na kawo shi, in bari ya shanye shayinsa mu tafi, kuma in ci gaba da kwasar akwatuna kamar yadda yayata ta ce. Na san idan muka fita ta ƙofar nan a haka, ya fita ke nan har abada.

Ana cikin haka Kawu Clive ya shigo a makare, jiƙe sharkaf, da akwatinsa a hammata. Ba sai na tuna miki ko wane ne shi ba, abokin gabar Baba a kan tebur tun kafin a haife mu. Ya dubi Baba ya ce au, ashe ragon bai mutu ba, shi har ya zaɓi dawakan da zai gada. Sannan ya ga mahayin a kan tebur. Ya ɗauke shi, ya sa gilashinsa mai ƙara girma, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai.

To, kin san dokar kulob ɗin da ba ta canzawa: abin da ido ya gani a jikin soja shi ne makaminsa. Wanda ba a manna masa bindiga ba, ba ya harbi, ko da mai shi ya rantse cewa tana cikin aljihu. Anti Moira, wadda ke yin alƙalanci a ranar, ta yi gyaran murya ta ce a yau dai a ɗauka shugaban maharan yana da takobi. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na miƙe na gabatar da jawabi a kan cewa ruhin doka ya fi lafazinta, kuma har yanzu ina ganin jawabin ya tsaru. Kawu Clive ya bari na kai aya, ya ce madalla da farfesa, amma shi bai ga takobi ba. Ya ce wannan tsohon da muke lallaɓawa shi ne ya taɓa hana shi harba igwa a gaban jama'a saboda igiyar kunna wutar ta karye a mota, kuma ya yi ta dariya har ya ƙware. Ya ce babu takobi, babu sara, idan Fergus yana son sadaka ya jira gobe Lahadi, ƙofar cocin tana can gefe.

Anti Moira ta buɗe baki za ta tsawata masa. Sai muka ji wani sauti daga kujerar Baba wanda na ɗauka shaƙewa ce, har na zabura. Dariya ce, Yaya. Da rabin baki, amma dariya ce sosai, irin wadda ba mu ji ba tun kafin asibiti. Ya ture matashin ya faɗi ƙasa, ya ce wa Kawu Clive tsohon ɓarawon akuya, ya jera tarkacen sojojinsa da ya yi wa fenti da tsintsiya, yau zai ga yadda mai hannu ɗaya ke kora shanu.

Suka kafa tebur da rafi a tsakiya, da hasumiya da garke a gefe guda. Ni ke auna tafiya da tef, Baba ke jefa ƙwayoyin ludo da hagu, rabinsu suna gangarawa ƙarƙashin kujeru. Tun da shugabansa ba ya sara, sai ya tura masu māsu su tare hanya, shi kuwa ya zagaya da shi bayan garken ya dinga kora shanun zuwa mashigi. Na sha ganin wasan nan tun ina ƙarami, ban taɓa ganin an bar sauran tebura an kewaye ɗaya ba sai jiya. Masu magana ƙasa-ƙasa ɗin nan duk sun manta, suna ta ihu, wasu na zuga Baba, wasu na cewa ya yi kuskure, har wani ya kira shi mahaukaci, Baba kuma ya karɓi kalmar kamar lambar yabo. Kawu Clive bai raga masa ko taki ɗaya ba. Ya sa aka sake aunawa sau da yawa, ya zarge ni da cewa tef ɗina yana miƙewa idan na ga dama.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Baba ne ya sha kashi. Yawancin shanun sun haye, amma mahayan Kawu Clive sun cim ma shugaban a tsakiyar ruwa, kuma da yake ba shi da abin kare kansa, suka kama shi da rai. Kawu Clive ya yi rawa a gaban kowa babu kunya, ya ce zai rataye shi a hasumiya sai dai in an fanshe shi da kwalbar giya. Baba ya fusata ƙwarai, fushi na mai lafiya. Tun daga zauren har gida bai yi shiru ba. Wai kuskuren na wurin sassaƙa ne. Za a yanke linzamin a naɗa shi a ƙahon sirdi, a buɗe tafin hagun, a ba shi 'yar gajeriyar bindiga, sannan a ga wanda zai kama wani a ruwa. Ya ce in nemo masa siririyar waya da sabon bakin wuƙa kafin Talata. Mama na jin mu daga kicin, ta fito ta dube shi, ta koma ciki ta daɗe ba ta fito ba.

Saboda haka, Yaya, ga roƙona. Ki bar masa ɗakin baya yadda yake. Gadon zai shiga falo idan an fitar da babbar kujera, na auna da kaina, kuma Mama ta amince. Ban ce hannunsa zai dawo ba. Ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa motsa masa shi ba ta yi mana wannan alkawari ba, ni ma ba zan yi miki ba. Wataƙila zai sake yin kuka a ɗakin nan, don jiya ma da yamma allura ta faɗi daga hannunsa ya kasa ɗauka. Amma ya kira ni in ɗauko masa, bai tashi ya fita ba. Na san daga nesa kike ɗauke da nauyinmu, kuma tausayi ne ya sa kika yanke wancan hukunci. Ina neman ki sake duba shi. Idan kuma kin kira shi, don Allah ki ajiye muryar nan mai taushi da kike yi masa tun bayan ciwon. Ki yi masa gardama kamar dā, ya fi jin daɗinta.

Ki gaishe mini da Hamish da mahaifiyarsa, ki shafa mini kan Elspeth, ki gaya wa Rory kakansa ya ware masa doki guda da zai koyi yanka a kai idan kun zo. Mama da Gwaggo Beryl suna gaishe ku da kyau, haka ma Anti Moira. Kawu Clive ya ce a gaishe ki, a kuma shaida miki cewa ubanki bai iya haƙurin shan kaye ba har yanzu. Na gaya wa Baba ina rubuto miki, na tambaye shi ko yana da saƙo. Bai ɗago kai daga tebur ba. Ya ce yana gaishe ki, kuma idan za ki kira ranar Asabar ki kira da safe, don da rana ba ya gida.

Ƙaninki mai girmama ki a koyaushe,
Tobias Milburn